Layin da Na Ja Ƙarƙashin Sunan Inna Kulu

Yaran da ke aikin lafiya yanzu sukan tsaya a ƙofar gida da waya a hannu, su tambayi mai gida mata nawa, 'ya'ya nawa, su latsa su wuce. Ɗaya daga cikinsu, jikan maƙwabcina, ya ce mini aikin da muka yi a da ba kome ba ne sai cike takarda. Ban yi masa musu ba. Amma maganar ta tsaya mini, shi ya sa na zauna in rubuta yadda aikin yake, da kuma wurin da ni na ɓata shi.

Sunana Isa. Aji bakwai na yi a firamare, daga nan aka ɗauke ni aiki a wani ɗakin shan magani a Illela, ƙarƙashin wani tsohon malamin asibiti, Malam Tanko. Shekara biyu ban taɓa jikin marar lafiya ba. Aikina dafa allura. A lokacin sirinji na gilashi ne, ana wanke shi a dafa a sake amfani da shi. Allurar kuma in ta dakushe a wasa ta a kan dutse, a goga bakinta a jikin auduga. In ta ja zare, ba ta yi ba. Malam Tanko ba ya faɗa. Zai ɗauki allurar da na ce ta yi, ya miƙo mini, ya ce in fara gwada ta a cinyata. Sau ɗaya na gwada.

Abu na biyu da ya koya mini shi ne firji mai kananzir. Wutarsa tana ƙasa, ƙarama kamar ta fitilar ƙwai. Sai ta yi shuɗi firjin ke sanyi. In ta koma ja, lagwani ya yi datti, kuma duk abin da ke ciki ya kama hanyar lalacewa. Kullum da safe kafin in gaida kowa sai na durƙusa na leƙa wutar nan. Wannan durƙuson ne ya sa aka zaɓe ni lokacin da Dakta Aminu ya zo.

A tamanin da biyu ya iso, cikin wata tsohuwar jif. Ɗan Sakkwato ne, mahaifinsa tsohon ma'aikacin En'e, shi kuma ya yi karatun jijiya da ƙwaƙwalwa a ƙasar waje. Abin da ya kawo shi wata cuta ce da mutanen Lafani da Tozai da Gidan Katta suke kira duhun samari. Saurayi lafiyayye, mai noma, zai tashi wata rana ya ga kamar an ɗora masa yatsa a tsakiyar abin da yake kallo. Yana ganin gefe, ba ya ganin tsakiya. Ido fari tas, ba ciwo, ba kwantsa. Kafin wata biyu ɗaya idon ya bi. Waɗansu in shekaru sun ja sai hannu ya fara rawa, ƙafa ta yi nauyi. Mata ba su cika kamuwa ba. Wasu suka ce wata rijiya ce a Lafani, har aka cike ta da ƙasa. Wasu suka ce sammu ne. Abin dai bai tsaya ba, kuma duk wanda ya kamu ba ya samun mata, don ana tsoron 'ya'yansa za su gada.

Ranar farko da muka fita, a gindin wata bishiyar bedi a Lafani, Dakta ya tara duwatsu uku ya yi mini bayani. Ya ce jikin mutum ɗakuna ne ƙanana da ido ba ya gani, kuma a cikin kowane ɗaki akwai murhu inda ake mayar da abinci ƙarfi. Ya faɗi sunansa na Turanci, mitokondiriya, na kasa maimaitawa, muka bar shi a murhu. Ya ce jijiyar ido tana cin wuta fiye da sauran, don haka in murhun mutum mai rauni ne ita ke fara mutuwa. Sannan ya faɗi abin da yake zato, wanda ya ce ba a tabbatar ba tukuna. Uba yana ba ɗa suna da gida da gona, amma murhu daga uwa kaɗai ake gadonsa. In zatonsa gaskiya ne, duk makafin nan za su haɗu a tsatson mace ɗaya, kuma makaho namiji ba zai ba 'ya'yansa kome ba.

Aikina biyu ne. In ɗebi jini in kai shi Sakkwato da sanyinsa, in kuma zana asalin kowane gida a babban littafi. Da'ira mace ce, murabba'i namiji, wanda ya makance a cike nasa da baƙin biro. Daga kowace mace a ja layi zuwa ga duk ɗan da ta haifa. Dakta ya maimaita mini sau uku: ba wadda ta goya ba, ba wadda ta shayar ba, wadda ta haifa.

Ɗaukar jini shi ne mai sauƙi. Kwalba goma sha biyu kula, wato akwatin ƙanƙara, ke ci. Ƙanƙara daga Konni ake kawo mana ita, a naɗe cikin buhu da ƙaiƙayi, in fasa ta da guduma in jera, in sa tsumma tsakaninta da kwalabe don kada jinin ya daskare. In na bar Illela da hantsi a motar haya, kular tana kan cinyata, ba na yarda a ɗora ta sama. Masu ba da jinin ne abin fama. Wani ya ce za a sayar, wani ya ce a ba shi madara gwangwani biyu ya mayar da abin da aka zuƙe. Wani dattijo a Tozai ya ce sai na fara ɗibar nawa a gabansa. Na ɗiba, ya duba kwalbar, ya ce nawa ma ya fi nasa tsinkewa, ya miƙo hannu.

Zanen asali shi ne aikin. Ku da kuke cewa cike takarda ne, ku je ku tambayi dattijo sunan uwarsa a gaban 'ya'yansa ku gani. Zai kalli ƙasa ya ce tsohuwa. In ka matsa ya ce marigayiya. Mace kuma in ka ce ta ƙirga 'ya'yanta, sai ta fara daga na biyu, ɗan fari ba ya shiga bakinta. Ga riƙo: yaro ya tashi ɗakin gwaggonsa ko matar baffansa, kowa na kiransa da ɗanta, shi ma bai san wata Inna ba sai ita. Dabarar da na samu ita ce tafiya da wata tsohuwar ungozoma. Ni ina zaure da maza, ita tana ciki da mata, in mun fito mu haɗa abin da muka ji. Sau da yawa nata ke gyara nawa. Gida ɗaya yakan ci mana yini.

Ranar da na je gidan Alhaji Mudi a Gidan Katta ungozomar ba ta nan, an kira ta haihuwa a Tozai. Da na jira gobe. Amma Dakta yana son littafin ranar Juma'a, sai na hau babur na tafi ni kaɗai.

Alhaji Mudi ɗan kasuwa ne, yana kai albasa da atamfa tsakanin Illela da Konni. Ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, aka kawo fura daga ciki. Muka bi gidan ɗaki ɗaki har muka iso kan Hamza, wanda ke tuƙa motar Alhaji. Na san Hamza, tsarana ne, mun yi kokawa tare a dandali. Na kuma san wani abu, don uwata 'yar unguwar ce kuma ta taɓa faɗa mini. Hamza ɗan ƙanen Alhaji ne. Uwarsa Rabi, wadda aka auro daga wajen Konni, ta rasu yana da kwana arba'in. Matar Alhaji, Inna Kulu, wadda Allah bai ba haihuwa ba, ta ɗauke shi ta raine shi. Kuma na taɓa jin cewa Rabi tana da 'yar'uwa a Lafani. A littafin da ke kan cinyata akwai wata mace a Lafani mai baƙaƙen murabba'i uku a ƙarƙashinta.

Na tambayi Alhaji ɗakin wa Hamza yake. Ya ce, "Hamza ɗan Kulu na."

A cikin gida ana daka. Daidai lokacin na ji taɓarya ta tsaya. Na san Inna Kulu ce, kuma tana jinmu. Tambaya ɗaya ta rage, in ce, Alhaji, ita ta haife shi? Sai na ga in na faɗi haka na tona wa matar da ta dama mini fura abin da ta shekara talatin tana rufewa, a gaban mijinta, ni da nake tsaran ɗanta. Na ce a raina ai Hamza lafiyarsa lau, layi ɗaya ba zai rushe littafi ba. Na ja layi daga da'irar Kulu zuwa murabba'in Hamza, na shanye furata, na yi godiya.

Ƙarshen shekarar littafin ya yi kyau. Dakta ya shimfiɗa takardu a ƙasan ofis ya haɗa su, sai ga makafin duka sun gangaro daga mata biyu 'yan ɗaki ɗaya da suka zo daga arewa tun zamanin kakanni. Ya fitar da sunayen samarin da ke kan layin, muka bi su ɗaya ɗaya. Ya ce musu ba shi da magani, amma su bar taba, su guji zama cikin hayaƙi, in ido ɗaya ya fara dishi su zo nan take. Makafin kuma ya ce musu, a gaban dangi, su yi aure, 'ya'yansu ba za su ɗauka daga gare su ba. A Lafani aka ɗaura wa makaho guda aure a kan wannan magana, aka sa ranar wani. Hamza ba ya cikin waɗanda aka kira. Kwalin sigari yake sha a yini.

Sai mummunar shekara ta zo, shekarar da aka rufe iyaka aka canja kuɗi, damina kuma ta ƙi. Ƙanƙarar Konni ta yanke. Kananzir ya yi wuya, wanda ake samu a bayan fage gauraye yake, wutar firji ta koma ja ta ƙi gyaruwa duk yadda na datse lagwani. Na gwada binne kwalabe cikin randa da jiƙaƙƙen yashi. Na kai kula biyu Sakkwato aka buɗe aka ce a zubar, jinin ya koma kamar zoɓo. Mutanen ƙauye sun watse neman abinci, ka je gida ka tarar an sa ƙaya a ƙofa. Kuɗin da ake ba Dakta na bincike aka rage, jif ɗin ta kwanta ba taya.

Cikin wannan hali, wata ranar kasuwa, Hamza ya shigo ɗakin shan magani. Tun da aka rufe iyaka ta daji suke bi da mota. Ya zauna a benci yana murza ido.

"Malam Isa, ba ni maganin ido. Wanga na hagu, kamar an ɗora man kwabo bisa hanya. Ina ganin itace dama da hauni, ban ganin abin da ag gabana."

Na haska masa tocila. Ido fari, ba ja ko kaɗan. Na san abin da nake gani, na gan shi sau fiye da goma. Na ce masa apolo ne, na ba shi man ido na bututu, na ce ya rage sigari don tana ƙara ƙaiƙayi. Ya yi dariya ya ce tun muna yara nake masa baƙin cikin abin da ya fi ni, ya sa maganin a aljihu ya fita.

Bayan mako bakwai aka kawo shi riƙe da hannu. Na aika wa Dakta, ya zo a motar haya. Ya duba Hamza ya daɗe, sannan ya fito waje ya buɗe littafin a kan tebur, ya bi layin da yatsa daga Hamza zuwa Kulu, daga Kulu zuwa uwarta da kakarta. Ba baƙi ko ɗaya a wannan tsatso. Ya ɗago ya dube ni.

"Isa, ka tabbata Kulu ta haife shi?"

Na farko kunya ce. Wannan karon ba kunya ba ce. In na ce a'a, sai in faɗi cewa na sani tun ranar furar, na sani ranar man ido. Na ce, "Na tabbata, ranka ya daɗe."

Ya yarda, don shekara biyu bai taɓa kama ni da kuskure ba. Ya rufe littafin. Ya ce in haka ne ya yi wa mutane alkawarin da ba shi da ikon yi. Mutum ne mai tsoron Allah a cikin aikinsa, kuma wannan ne ya ƙara ɓata abin. Washegari ya sa na kai shi Lafani a babur, ya tara mutanen da ya yi wa magana a da, ya ce ya janye. Ya ce an sami wanda ya kamu ba ta wajen uwa ba, don haka bai san ta inda cutar ke bi ba, kada kowa ya dogara da maganarsa ta farko. Ina tsaye a bayansa riƙe da jakarsa.

Auren da aka sa wa rana aka fasa. A Gidan Katta kuma surukin Hamza ya zo daga Konni ta hanyar daji. Ya ce tun da likita da bakinsa ya ce bai sani ba, shi ba zai bar 'yarsa ta ci gaba da haifa masa makafi ba. Hamza yana da 'ya'ya mata biyu, ƙaramar tana goye. Aka yi ta kai da kawo har ya saki matar, aka tafi da ita da yaran. Kafin ƙarshen shekara Dakta ya sami aiki a wata ƙasa ya tafi. Ya bar mini littafin, ya ce ba shi da abin da zai rubuta da shi.

Na koma dafa allura. Malam Tanko ya yi ritaya aka ba ni wurinsa. In aiki ya kai ni Gidan Katta sai in zaga ta bayan masallaci don kada in bi ta ƙofar Alhaji Mudi.

Wajen ƙarshen tamanin da tara Dakta ya dawo Sakkwato ta'aziyyar mahaifinsa, ya ƙaraso Illela mu gaisa. Ya yi furfura. Ya ce mini likitoci a wata ƙasa sun tabbatar da abin, sun ga raunin a cikin murhun da kansa, kuma ta wajen uwa yake bi, ba ta wani waje ba. Bai faɗa da ɗaci ba. Ya ce Illela ce ta fara nuna masa, amma har yau bai gane sha'anin Hamza ba, yana so ya gan shi. Ya ce in ɗauko littafin.

Alhaji Mudi ya riga ya rasu a lokacin. Muka tarar da Hamza a zaure yana tufkar igiya, hannunsa ya fara rawa. Inna Kulu ta tsufa ta daina ɓuya, tana zaune kusa da shi tana tsince wake a faifai. Aka gaisa. Dakta ya ce wa Hamza shi kaɗai ne ya gagare shi fahimta. Inna Kulu ta ce, mi ya gagara? Ya yi mata bayanin murhu a taƙaice, ya ce ga shi ita tsatsonta ba makaho, amma ɗanta ya kamu.

Ta aje faifan.

"Wa yac ce ni na haihe shi?"

Ta ce uwarsa Rabi ce, ɗiyar Konni, uwa ɗaya uba ɗaya da matar nan ta Lafani mai makafi uku. Ta faɗa kamar mai faɗin farashin gero. Dakta ya juya wajen Hamza. Hamza bai bar tufka ba, ya ce shi tun yana ɗan shekara goma ya sani, yara suka gaya masa wajen kiwo, bai dai taɓa faɗa ba don kada Inna ta ji ciwo.

Inna Kulu ta dube ni. "Kai na kaz zo ranan nan, ko? Ina bayan ƙohwa. Na aje taɓarya ina jira a tambaye ni, ba a tambaye ni ba. Ɗana na, har gobe. Amma ciki ba nawa na ba, kuma ban taɓa cewa nawa na ba. Kunyar da kaj ji, ɗan nan, taka ta. Ni ban aike ka ba."

A nan na faɗi sauran, da furar, da man ido, da tambayar da Dakta ya yi mini a kan tebur. Dakta bai zage ni ba, da ya zage ni da ya fi. Ya ciro biro daga aljihunsa ya miƙo mini. Na buɗe littafin a kan gwiwata, na soke layin, na zana sabuwar da'ira na rubuta Rabi, na ja layi daga gare ta zuwa Hamza, na ja wani zuwa shafin Lafani. Bai kai minti ɗaya ba.

Na tambayi Dakta ko da an kira Hamza ya bar taba da idonsa ya tsira. Ya ce bai sani ba, mai yiwuwa, mai yiwuwa kuma a'a. Hamza bai tambayi idonsa ba. Ya ce, "To ɗiyana hwa, likita?" Dakta ya ce ba abin da suka ɗauka daga gare shi, su da 'ya'yan da za su haifa. Hamza ya ci gaba da igiyarsa. Can ya ce a kai musu labari.

Ni na kai. An buɗe iyaka a lokacin, na hau babur na je Konni na nemi gidan surukin. Matar ta yi aure tuni, tana da goyo. Tsohon ya saurare ni har na gama, ya ce ya ji, Allah ya saka, amma ruwan da ya zube ba ya kwasuwa. Yaran suna tsakar gida, aka nuna mini su. Babbar ta san sunan ubanta. Ƙaramar ba ta sani ba. Na je Lafani ma na faɗa, amma wanda aka fasa aurensa ya tafi yawon bara kudu, ba wanda ya san garin da yake.

Hamza ya rasu shekara shida bayan haka, a ɗakin Inna Kulu. Ita ta bi shi ba da jimawa ba. Littafin yana wurina cikin akwati, shafin Gidan Katta da tawada iri biyu.

Ba na ce wayoyinku ba su da amfani ba. Sun fi kular ƙanƙara, ba sa narkewa a hanya. Amma abin da mai gida ya faɗa muku a zaure shi kuke latsawa, kamar yadda na yi. In kun zauna da shi kuka ji taɓarya ta tsaya a cikin gida, kada ku rubuta kome tukuna. Akwai mai jira a tambaye ta.